Ƴan Gida, Ƴan Jingina da Ƴan Waje: Tarihin Rabe-raben Gidajen Haɗa Gem

Gidajen da ke haɗa wasannin gem na talabijin ana kasa su kashi uku, kuma ma'aunin rabon guda ɗaya ne, wato irin dangantakar da ke tsakanin gidan da kamfanin da ya ƙera na'urar da za a buga wasan a kanta. Manyan masu ƙera na'ura a yau uku ne: Sony mai PlayStation, Nintendo mai Switch, da Microsoft mai Xbox. Gidan da ɗaya daga cikinsu ya mallaka shi ne na kashi na farko, ɗan gida ke nan, albashin ma'aikatansa da ribarsa da asararsa duk na ubangidan ne. Gidan da ke da rajistarsa da shugabanninsa, amma yarjejeniya ko kuɗi suka ɗaure shi ga mai na'ura guda yana yi masa aiki shi kaɗai, shi ne na kashi na biyu, ɗan jingina. Wanda kuwa ke haɗa wasansa da kuɗinsa, ya nemi lasisi wurin duk mai na'urar da ya ga dama, ya biya la'ada, shi ne na kashi na uku, ɗan waje. Girman gida ko ƙwarewar ma'aikatansa ba sa shiga wannan lissafi. Kamfanin EA na da dubban ma'aikata amma ɗan waje ne, alhali akwai ƴan gidan Sony da ma'aikatansu ba su kai mutum 200 ba.

Mutumin Diffa ba zai sha wahalar gane wannan tsari ba, don ya san irinsa a noman tattasai na bakin Komadugu. Akwai mai aiki a gonar maigida, abin da gona ta bayar na maigida ne. Akwai mai gonar kansa, amma taki da man injin ban ruwa bashin wani attajiri ne, in an yi girbi buhunan na wannan attajirin ne kafin kowa ya taya. Akwai kuma wanda ya noma da ƙarfinsa, ya kai kasuwa, ya sayar wa wanda ya fi tayawa, sai dai ko shi ba ya tsallake kuɗin kasuwa. Inda harkar gem ta bambanta shi ne, attajirin shi ne kuma mai kasuwar, ƙofarta ɗaya, makullin yana aljihunsa.

Kuɗi ne tushen rabon. Na'urar kanta ba a cika cin riba mai yawa a kanta ba, sau da dama ma a shekarun farko ana sayar da ita ƙasa da abin da aka kashe wajen ƙera ta. A wasanni ake fanshewa. Kowane kwafin wasan ɗan waje da aka sayar, mai na'ura yana da kasonsa. A da ana cire shi ne tun wajen buga kaset ko faifai, yanzu da ake saye ta intanet abin da aka saba cirewa shi ne kashi 30 cikin ɗari. Saboda haka kowane kashi da aikinsa. Ɗan gida shi ke haɗa wasan da ba a samu a wata na'ura, don mai saye ya zaɓi wannan ya bar waccan. Ƴan waje su ke cika shago da kaya, su ne kuma ke kawo yawancin la'ada.

A farkon sana'ar babu wannan rabo ko kaɗan. Na'ura ta farko da aka kai gidaje, Magnavox Odyssey ta 1972, da wasanninta ta zo. A 1976 kamfanin Fairchild ya fito da na'urar da ake zura wa kaset mai ɗauke da wasa, a 1977 Atari ya biyo da tasa, wadda daga baya aka fi sani da Atari 2600. Da zarar wasa ya rabu da jikin na'ura ya zama kaya mai zaman kansa, ƙofa ta buɗe ga kowa ya haɗa nasa, amma shekara biyu aka yi babu wanda ya shiga. Duk kaset ɗin da aka zura a na'urar Atari, ma'aikatan Atari ne suka rubuta shi.

Rigimar cikin gida ce ta haifi ɗan waje na farko. Kamfanin Warner ya sayi Atari a 1976 a kan dalar Amurka miliyan 28, daga baya ya ɗora Ray Kassar, wanda ya fito daga masana'antar saƙa, a kan shugabanci. A lokacin mutum ɗaya ke rubuta wasa tun daga farko har ƙarshe, da zanensa da sautinsa, amma ba a sa sunansa a kwali, ba a kuma ba shi ko kwabo daga cinikin. Har ta kai wani ma'aikaci, Warren Robinett, ya ɓoye sunansa a wani ɗaki na sirri a cikin wasan Adventure. A 1979 wata takardar cikin gida ta nuna cinikin kowane kaset, sai mutum huɗu, David Crane da Alan Miller da Bob Whitehead da Larry Kaplan, suka lissafa suka ga wasanninsu ne suka kawo fiye da rabin cinikin. Suka nemi kaso da ambaton suna, Kassar ya ƙi. Kamar yadda Crane ya sha ba da labari, an nuna musu cewa ba su fi mai harhaɗa kaset a masana'anta daraja ba. Suka ajiye aiki, suka haɗu da Jim Levy, wanda ya san harkar faifan waƙa, suka kafa Activision a watan Oktoba na 1979.

Atari ya kai su kotu bisa zargin satar sirrin sana'a. Shari'ar ta ja har aka sasanta zuwa 1982, a kan cewa Activision zai ci gaba da aikinsa yana biyan Atari la'ada. Wannan sulhu shi ne ya halatta sana'ar ɗan waje. Activision kuwa ya riƙa buga sunan marubucin wasa da hotonsa a takardar da ke cikin kwali, kuma wasan Crane mai suna Pitfall! na 1982 ya sayar da kwafi fiye da miliyan 4.

Abin da ya biyo baya shi ne darasin da duk masu na'ura suka ɗauka har yau. Na'urar Atari ba ta da wani makulli, don haka da aka ga Activision ya yi kuɗi, kowa ya faɗo. Har kamfanin hatsin karin kumallo, Quaker Oats, sai da ya mallaki sashen gem. Shaguna suka cika da kaset marasa kan gado, iyaye suka saya suka yi da-na-sani, ƴan kasuwa suka karya farashi don su rabu da kaya, mai kyau da maras kyau suka faɗi tare. Atari ma ba shi da bakin zargin kowa, don wasansa na E.T. a cikin makonni kaɗan aka haɗa shi. A 1983 ya yi asarar dala miliyan 536, a watan Satumba na shekarar ya binne tarin kaset a juji a Alamogordo, jihar New Mexico, aka tono su a 2014. Cinikin gem na gida a Amurka ya faɗo daga kusan dala biliyan 3.2 a 1983 zuwa kusan miliyan 100 a 1985.

Daga Japan aka gyara ɓarnar, kuma da hannun ƙarfe aka gyara ta. Nintendo tsohon kamfani ne na birnin Kyoto, tun 1889 yana buga katin karta. Ya fitar da na'urarsa Famicom a ranar 15 ga Yuli 1983, kuma a 1984 ya ba Hudson Soft da Namco lasisin farko. Da zai shiga Amurka a 1985 da sunan NES, shugabansa Hiroshi Yamauchi ya riga ya yanke cewa sakin ƙofa ne ya kashe Atari. Aka dasa wata ƴar ƙwaƙwalwa a cikin na'urar, aka dasa abokiyarta a cikin kowane kaset, in ba su gaisa ba wasa ba zai tashi ba. Nintendo kaɗai ke da wannan makulli, saboda haka shi ke gindaya sharaɗi. Ɗan waje ba zai fitar da wasa fiye da biyar a shekara ba. Wasan da ya fito a NES ba zai fito a na'urar kishiya ba sai bayan shekara biyu. Nintendo ne zai buga kaset ɗin, mai wasa ya yi oda mai yawa, aƙalla 10,000, ya biya kuɗi tun kafin kaya su iso, in sun yi kwantai asarar tasa ce. Bayan an duba wasa an amince, sai a buga masa hatimin zinariya a kwali. A wancan zamani ɗan waje da sunan kawai yake waje. A zahiri kusan kowa ɗan jingina ne, ba tare da an ba shi ko sisi ba.

Ƴan waje ba su zauna sun naɗe hannu ba. Konami ya buɗe wani kamfani mai suna Ultra Games don ya sami ƙarin guraben wasa biyar. Tengen, reshen Atari Games, ya bi ta bayan gida: lauyoyinsa suka karɓo sirrin makullin daga ofishin rajistar haƙƙin mallaka na Amurka da hujjar da ba gaskiya ba, ya buga kaset ɗinsa, amma a 1992 kotun ɗaukaka ƙara ta tsaya wa Nintendo. Namco, wanda ya ci moriyar sharaɗi mai sauƙi a farko, ya yi fito-na-fito da Yamauchi a 1989 da aka ce ya dawo layi ɗaya da kowa. Wanda ya fi kowa dabara shi ne Trip Hawkins na EA. Injiniyoyinsa suka warware na'urar Sega mai suna Mega Drive suka gane yadda take aiki, sannan ya je wurin Sega a 1990 yana nuna cewa da lasisi ko babu lasisi zai iya fitar da kaya. Sega ya sassauta, ya bar shi ya buga kaset ɗinsa, ya rage masa la'ada. A kan wannan na'ura ce FIFA ta farko ta fito a ƙarshen 1993. A 1992 kuma kotu ta ba kamfanin Accolade gaskiya a kan Sega, ta ce warware na'ura don a gane hanyar shigarta ba laifi ba ne. Zuwan kishiya mai ƙarfi da idon hukumomin Amurka suka sa Nintendo ya janye sharaɗin shekara biyu a wajen 1990.

Kashi na biyu a inuwar Nintendo ya girma, kuma shi ne kashin da ya fi wuyar kamawa, don babu wata doka da ta shata iyakarsa. Wani gidan hannun jari ne ya ɗaure shi, wani kwangila, wani kuma sabo da amana kawai. HAL Laboratory, mai Kirby, ya kusa durƙushewa da bashi a 1992, Nintendo ya tallafe shi, aka ɗora Satoru Iwata a kan shugabancinsa, kuma shekara goma bayan haka, a 2002, wannan Iwata ne ya gaji kujerar Yamauchi. Intelligent Systems, mai Fire Emblem, ya shafe shekaru da dama yana yi wa Nintendo aiki ba tare da an saye shi ba. Game Freak ya fi su ɗaure kai. Shi ya haɗa Pokémon a 1996, sunan Pokémon kuwa mallakar kamfanoni uku ne, Nintendo da Game Freak da Creatures, don haka manyan wasannin Pokémon a na'urar Nintendo kaɗai suke fitowa. Amma Game Freak ɗin nan a 2015 ya fitar da wani wasan giwa tare da Sega a PlayStation da Xbox, ba a Nintendo ba. Gida ɗaya, a wani aiki ɗan jingina, a wani ɗan waje.

Labarin Rare shi ya fi nuna ƙarshen da ke jiran ɗan jingina. Wasu ƴan'uwa biyu, Tim da Chris Stamper, suka kafa shi a 1985 a ƙauyen Twycross na Ingila. A 1994 suka haɗa Donkey Kong Country, wanda ya ƙara wa na'urar Super Nintendo kwana a kasuwa, Nintendo ya sayi kashi ɗaya cikin huɗu na kamfanin, ya riƙa ƙarawa har ya kai kashi 49 cikin ɗari. Rare ne ya riƙe Nintendo 64 da wasanni irin su GoldenEye 007 na 1997 da Banjo-Kazooie a lokacin da ƴan waje suka gudu. Da ƴan'uwan suka so sayar da ragowar, Nintendo bai taya ba. A watan Satumba na 2002 Microsoft ya saye gidan baki ɗaya a kan dala miliyan 375. Aka yi rabon gado: Donkey Kong ya koma hannun Nintendo, Banjo ya bi Rare zuwa Xbox. A wannan shekarar kuma Nintendo ya saye Retro Studios na Texas ya mayar da shi ɗan gida. Galibin ƴan jingina ɗayan biyun nan ke samunsu, ko ubangida ya haɗiye su, ko wani ya yi awon gaba da su. Waɗanda suka daɗe a tsakiya, irin su HAL, a Japan suke, inda sabo ke riƙe abin da takarda ba ta riƙe ba.

Sony da fushi ya shigo harkar. Sun yi yarjejeniya da Nintendo a kan na'urar faifan sidi, sai a watan Yuni na 1991, kwana ɗaya bayan Sony ya sanar da aikin a bainar jama'a, Nintendo ya ce shi da Philips zai yi. Injiniya Ken Kutaragi ya shawo kan shugabannin Sony su yi gaban kansu, PlayStation ta fito a Japan ranar 3 ga Disamba 1994. Sony ba shi da Mario na Nintendo, ba shi da Sonic na Sega. Gidan da ya mallaka mai suna shi ne Psygnosis na Liverpool da ya saya a 1993. Don haka ya zuba ƙarfinsa wajen lallashin ƴan waje, kuma faifai ya yi masa rabin aikin. Buga faifai bai kai buga kaset tsada ba ko kusa, ana sake buga shi cikin kwanaki in kaya sun ƙare, kuma yana ɗaukar megabait 650, alhali kaset mafi girma na Nintendo 64 a 64 ya tsaya. Namco ya kawo Ridge Racer da Tekken. Square, wanda duk wasannin Final Fantasy shida na farko a na'urorin Nintendo ya fitar da su, ya kwashe kayansa ya koma Sony, Final Fantasy VII ya fito a PlayStation a watan Janairu na 1997, Enix ma ya biyo da Dragon Quest. Sakamakon a bayyane yake: PlayStation ta haura miliyan 100, Nintendo 64 ta tsaya a wajen miliyan 33. Tun daga nan masu na'ura suka gane cewa ɗan waje ba bara yake yi ba.

A zamanin ne kuma wata tambaya ta taso wadda rabon gida uku bai amsa ba: sunan wasa na wane ne? Crash Bandicoot na 1996 kowa ya ɗauke shi tambarin PlayStation. Gidan Naughty Dog ne ya haɗa shi, Sony ya fitar da shi, amma sunan mallakar Universal ne. Da Sony ya sayi Naughty Dog a 2001, ya sami ma'aikatan, bai sami Crash ba. Sunan ya bi ta hannun Vivendi, ya faɗa Activision a 2008, yau kuma yana hannun Microsoft, babban abokin hamayyar Sony. Haka ya faru da Spyro na gidan Insomniac. Wannan ne ya sa daga baya Sony, in zai zuba kuɗi a aikin ɗan jingina, yakan riƙe sunan wasan. Insomniac kuwa ya yi shekara kusan ashirin yana yi wa Sony aiki ba a mallake shi ba, ya leƙa Xbox da Sunset Overdrive a 2014, ya dawo ya yi Spider-Man a 2018, sannan aka saye shi a 2019 a kan dala miliyan 229.

Shi kansa mai na'ura yana iya sauka daga kujerarsa. Na'urar Sega ta ƙarshe, Dreamcast, ta fito a 1998, EA ya ƙi kawo mata wasanninsa na motsa jiki, ga kuma PlayStation 2 ta taso a 2000. A ƙarshen Janairu na 2001 Sega ya sanar da daina ƙera na'ura. Rana ɗaya duk ƴan gidansa suka zama ƴan waje, kafin shekarar ta ƙare Sonic yana gudu a na'urar Nintendo, a 2007 ma aka haɗa shi da Mario a wasa ɗaya.

Gurbin Sega Microsoft ne ya cike shi, kuma da aljihu ya shigo. Wasan Halo an fara nuna shi ne a 1999 a taron kamfanin Apple. A 2000 Microsoft ya sayi Bungie, gidan da ke haɗa shi, ya mayar da Halo ginshiƙin Xbox ta 2001. Tarihin Bungie kaɗai ya isa nuna cewa waɗannan kashe-kashe matsayi ne na lokaci. Ya fara da zaman kansa, ya zama ɗan gidan Microsoft, ya ɓalle a 2007 ya bar Halo a baya amma ya ci gaba da yi wa Xbox aiki na wasu shekaru, ya ƙulla da Activision a 2010 suka fitar da Destiny a na'urori daban-daban, suka rabu a 2019, sannan Sony ya saye shi a 2022 a kan dala biliyan 3.6, da sharaɗin wasanninsa za su ci gaba da fitowa a na'urorin wasu.

Daga 2014 sayen gidaje ya koma gasa. Microsoft ya sayi Mojang mai Minecraft a kan dala biliyan 2.5, ya sayi ZeniMax, uwar Bethesda, a kan biliyan 7.5 a 2021, sannan a watan Janairu na 2022 ya sanar da sayen Activision Blizzard a kan biliyan 68.7. Hukumomin kare gasa a Amurka da Birtaniya da Tarayyar Turai suka tsaya a kan cinikin wajen wata ashirin, kuma gardamar duka a kan wannan rabo take: in Call of Duty, wanda ke cikin wasannin ƴan waje mafi ciniki a duniya, ya zama ɗan gidan Xbox, me zai hana a janye shi daga PlayStation? Microsoft ya sa hannu a alƙawarin shekara goma da Nintendo, ya sa da Sony, kafin cinikin ya faɗa a ranar 13 ga Oktoba 2023. Kamfanin da ya fara sana'ar ɗan waje a 1979 ya ƙare a matsayin ɗan gida bayan shekara 44.

Ana yawan ɗauka cewa ɗan gida ya huta da fargabar kasuwa. Tarihi bai goyi bayan haka ba. Gaskiya ne yana samun kuɗi da lokaci, yana kuma ganin sabuwar na'ura tun tana kan takarda, abin da ya sa wasanni irin su Gran Turismo da God of War suke tatsar na'urar Sony fiye da na kowa. Amma ranar da ubangida ya sauya lissafi, ba shi da wata ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Sony ya rufe tsohon Psygnosis a 2012. A 2024 ya rufe gidansa na Landan, ya kuma rufe Firewalk, wanda ya saya a 2023, bayan an janye wasansa Concord mako biyu da fitowa. A watan Mayu na 2024 Microsoft ya rufe Arkane Austin da Tango Gameworks, duk da yabon da wasan Tango na ƙarshe ya sha. Kamfanin Krafton na Koriya ta Kudu ne ya ceto Tango daga baya.

Tsadar haɗa wasa, wadda a manyan ayyuka ta haura dala miliyan 200, ta fara goge layin da kanta, don masu na'ura guda ba sa isa su mayar da irin wannan kuɗi. A 2021 wasan MLB The Show, aikin ƴan gidan Sony na San Diego, ya fito a Xbox. A 2020 Sony ya fara kai manyan wasanninsa kwamfuta. A 2024 Microsoft ya kai wasanninsa huɗu na'urorin kishiyoyi, ciki har da Sea of Thieves na Rare, a 2025 Forza Horizon 5 ya biyo baya zuwa PlayStation 5. Microsoft a yau mai na'ura ne a shagonsa, ɗan waje ne mai biyan la'ada a shagon Sony. Nintendo ne kaɗai ya riƙe tsohuwar ƙa'ida, manyan wasannin Mario da Zelda ba sa fita daga na'urarsa.

A Diffa, kamar a Damagaram da Maraɗi da Kano, a shago aka fi sanin gem ɗin na'ura: talabijin, benci, janareta ko sola, yara da samari suna biya wasa-wasa, da sefa ko da naira, tunda kuɗin biyu duk suna yawo a Diffa. Na'urorin galibi na hannu ne, kuma sunan da ke bakin kowa shi ne PS. PlayStation 2 kaɗai an sayar da fiye da miliyan 155 a duniya, ga ta da juriya, shi ya sa ta daɗe a irin waɗannan shaguna bayan Turai ta manta da ita. Sai dai abin da ke tara jama'a a bencin ba aikin Sony ba ne. Ƙwallo ce, PES ta Konami, wadda ta koma eFootball a 2021, da FIFA ta EA, wadda ta koma EA Sports FC a 2023 bayan kamfanin ya rabu da hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya. Daga su sai GTA da Mortal Kombat. Duk ƴan waje ne. Ɗan gidan da ya yi suna a wannan fage shi ne God of War. Yawancin wasannin kuma kwafi ne da aka loda a filashi ko a cikin na'urar da aka buɗe makullinta, saboda haka la'adar da aka gina tsarin duka a kanta ba ta isa Tokyo daga nan.

Duk da haka rabon yana taɓa mai wasa na Afirka ta wata fuska. Helldivers 2 na 2024 aikin Arrowhead ne, gida mai zaman kansa a Sweden, amma sunan wasan da kuɗinsa na Sony ne, wato jingina ta wannan zamani. A watan Mayu na shekarar Sony ya ce sai mai wasa a kwamfuta ya yi rajista da tsarinsa na PSN, tsarin da akasarin ƙasashen Afirka ba sa cikinsa, aka kuma dakatar da sayar da wasan a ƙasashe da yankuna fiye da 170. Ƙorafi ya yi yawa Sony ya janye sharaɗin rajistar cikin kwanaki, amma kowa ya ga cewa wanda ya haɗa wasan ba shi ke da ta cewa a kan wa zai saya ba.

Gidajen haɗa gem na Afirka kuwa ta wata hanya suka bi. Leti Arts da aka kafa a 2009 tsakanin Accra da Nairobi, da Maliyo Games na Legas na 2012, a wayar hannu suka fi ƙarfi. Kiro'o Games na Yawunde a kwamfuta ya fara fitar da Aurion a 2016. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: shiga na'ura na bukatar lasisi da kayan gwaji na musamman da tantancewa, kuma masu waya a nahiyar sun ninka masu na'ura nesa ba kusa ba. Ko a wayar akwai mai ƙofa, don Google da Apple sun daɗe suna cire kashi 30 cikin ɗari, sai dai a 2021 sun rage wa ƙananan gidaje zuwa 15. A watan Janairu na 2024 asusun zuba jari na Sony ya sa kuɗi a Carry1st, kamfanin fitar da wasannin waya da ke Cape Town. Hannun jari ne ya saya, kamfanin yana nan a hannun masu shi.